Kaciyar Manya: Sauran Aiki Yana Bayan Aska

A ƙasar Hausa, idan aka ambaci kaciya, ko shayi kamar yadda wasu ke cewa, yara ne ke faɗowa a ran mai sauraro. Tun kaka da kakanni, da zarar an kawar da amfanin gona sanyi ya fara shigowa, sai a tara yaran gida ko na unguwa a kira wanzami. Idan ya gama nasa aikin, gida gaba ɗaya ne ke ɗaukar jinya. A sa wa yaro kara tsakanin gwiwoyinsa don kada cinyoyi su goge mikin, a hana shi yawo, a yi ta ba shi ƙwai da naman kaza, 'yan'uwa da maƙwabta kuma suna ta zuwa dubiya da ɗan abin hannu. Ɗan kaciya sarki ne na 'yan makonni.

To, amma akwai wani ɗan kaciyar da ba a zuwa masa dubiya, wato baligi, wataƙila ma magidanci, wanda wani dalili ya sa sai da ya girma aka yi masa. Shi wannan a ɓoye yake zuwa asibiti, a ɓoye yake komowa, washegari kuma sai a gan shi a kasuwa ko a kan babur yana ɗingishi yana cewa ƙaya ya taka. Ba shi da mai jinya, ba shi da wanda zai tambaya, abin da ya sani game da mikin kaciya bai wuce abin da ya ga ana yi wa ƙannensa ba. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, yankan kansa, idan ƙwararre ya yi shi da tsarkakakkun kayan aiki, ƙaramin aiki ne da ba kasafai yake wuce rabin sa'a ba. Makonni shida da ke biye da shi su ne wurin da ɓarna ke samun ƙofa, kuma kunya da gaggawa da rashin sanin yadda jiki ke gyara kansa su ne ke buɗe mata. Don haka nake ganin maganar ta cancanci shiga ajin ilmin halittu, maimakon a bar ta a bakin 'yan zaman majalisa.

Su wane ne ake yi wa da girma?

Mai karatu yana iya cewa, a ƙasar da kusan kowane namiji an yi masa tun yana yaro, mene ne ruwanmu da wannan? Ruwanmu yana da yawa. Akwai mutanen da loɓa, wato fatar da ke rufe kan azzakari, takan matse musu har ta ƙi ja da baya, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. Akwai waɗanda wurin ke yawan kumbura yana tsagewa, kuma an fi ganin haka ga masu ciwon sukari. Akwai waɗanda aka yi musu kaciyar tun suna yara amma ba ta yi kyau ba, sai an sake gyarawa. Akwai kuma waɗanda suka karɓi Musulunci da girmansu daga al'ummar da ba ta da wannan al'ada. Duk waɗannan suna cikinmu, ko da ba su yi shela ba.

A gabashi da kudancin Afirka kuwa abin ya wuce ɗaiɗaikun mutane. An gudanar da manyan gwaje-gwaje guda uku, ɗaya a Orange Farm kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2005, sai na Kisumu a Kenya da na Rakai a Yuganda, waɗanda aka buga a 2007. Dukkansu sun nuna cewa kaciya tana rage haɗarin namiji ya ɗauki ƙwayar cutar ƙanjamau daga mace da kimanin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari. A shekarar 2007 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shigar da kaciya cikin hanyoyin rigakafi a ƙasashen da cutar ta yi yawa kuma kaciya ta yi ƙaranci. Daga 2008 zuwa 2019 an yi wa samari da manyan maza fiye da miliyan 25 a ƙarƙashin wannan shiri. Yawancin abin da likitoci suka tabbatar a yau game da jinyar kaciyar babba daga wannan gagarumin aiki aka samo shi, domin an bi diddigin dubban mutane, an rubuta abin da ya yi kyau da abin da ya ɓaci.

Babba ba yaro ba ne

Jariri idan aka yi masa kaciya, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma mikin ya kame, sau da yawa ba tare da ɗinki ba. Babba kuwa fatarsa ta fi kauri, hanyoyin jininsa sun fi girma, dole a ɗaure su ko a ƙona bakinsu ɗaya bayan ɗaya, sannan a haɗa gefen fata da gefen fata da zare. Bayan wannan akwai wani abu da ba shi da iko a kansa. Kowane lafiyayyen namiji baligi gabansa yakan miƙe sau uku zuwa biyar a cikin barcin dare, a lokacin da ƙwaƙwalwa ke cikin matakin barcin da ake yin mafarki, ko yana so ko ba ya so. Kowace miƙewa tana jan ɗinkin. Shi ya sa ɗan kaciya babba yakan farka da asuba da zafi, wani lokaci da ɗan ɗigon jini a bandeji. Ga kuma neman abinci da ba ya jira, ga iyali. Yaro ba ya ɗaukar buhu, ba ya tuƙa acaɓa, ba shi da amarya a ɗaki. Wanda ya auna jinyar babba da ma'aunin jinyar yaro zai sallami kansa tun lokaci bai yi ba.

Abin da ke gudana a cikin miki

Ya kamata ɗalibi ya tsaya a nan ya natsu, domin wanda ya fahimci wannan sashe ba ya bukatar a haddace masa dokoki.

Da zarar aska ta ratsa fata, aikin farko na jiki shi ne tsayar da jini. Hanyoyin jini sukan tsuke, wasu ƙananan ƙwayoyin jini da ake kira filatilet su taru su manne a bakin ƙofar, sannan wani sinadari mai suna faibirin ya saƙa raga a kansu, jini ya daskare. Wannan aikin mintoci ne. Amma akwai gidajen da maza ke gadon ƙarancin sinadaran daskarar da jini, ƙaramin yanka sai ya yi ta zuba ba tsayawa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajejen 1013, ya bayyana irin waɗannan mutane a littafinsa At-Tasrif, shekaru ɗaruruwa kafin a gano sanadin abin. Saboda haka duk wanda ya san an taɓa samun mai zubar jini irin wannan a danginsa, musamman ta wajen uwa, wajibi ne ya gaya wa likita kafin a taɓa shi. Haka mai sikila da mai shan magungunan tsinka jini.

Mataki na biyu shi ne kumburi, wanda ke ɗaukar kwana uku zuwa huɗu na farko. Hanyoyin jini su buɗe, fararen ƙwayoyin jini su kwararo wurin suna cinye ƙwayoyin cuta da mataccen nama. Wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, ya yi ɗumi, ya yi zafi. Mutane da yawa sukan firgita a nan su ɗauka ciwo ya ɓaci, alhali kuwa sojojin jiki ne ke share fili. Abin lura shi ne alkiblar da abin ya dosa. Kumburin lafiya kullum raguwa yake yi bayan kwanakin farko, na cuta kuwa ƙaruwa yake yi.

Daga nan sai gini. Tun daga kwana na uku ko na huɗu har zuwa kamar mako uku, wasu ƙwayoyin halitta sukan shiga saƙa wani zare mai suna kolajin, sababbin hanyoyin jini ƙanana su tsiro, fata kuma ta rarrafo daga gefe da gefe ta rufe saman. A nan ne ido ke yaudarar mutum. Ya duba ya ga baki ya haɗu, zare ya fara zuba, sai ya ce ya warke. Duk wanda ya taɓa ganin ana ginin katangar ƙasa ya san cewa rana ɗaya ta isa yaɓe ya bushe a waje, amma cikin yana nan ɗanye, idan aka jingina a kai sai ya burma. Masu bincike sun auna ƙarfin fatar da ke warkewa, suka tarar cewa bayan mako ɗaya ba ta da fiye da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari na ƙarfinta na asali, bayan mako uku tana da kimanin kashi ɗaya cikin biyar, sai ta kai wajen wata uku sannan take kusantar kashi 80 cikin ɗari, kuma a nan take tsayawa. Tabo ba ya taɓa komawa daidai da fatar da ba a yanka ba. Mataki na ƙarshe, wanda jiki ke warware zaren kolajin yana sake jera shi da kyau, yakan ɗauki watanni, har shekara guda.

Daga wannan lissafi ne aka samo mako shida da likitoci ke faɗa. Ba don ƙuntata wa kowa aka zaɓe shi ba. Lokaci ne da fatar mafi yawan mutane ta gama rufewa sarai, ta kuma sami ƙarfin da za ta jure ja da guga.

Kwanakin farko

Abin da ake bukata a kwanakin farko ba shi da wuya, kuma ba shi da tsada. Bandejin da aka naɗa a asibiti a bar shi a bushe kwana ɗaya zuwa biyu, gwargwadon umarnin wanda ya yi aikin, sannan a koma a cire. Idan ya manne kada a fizge shi, a jiƙa shi da ruwan da aka tafasa ya huce har ya saki da kansa. Bayan an cire, sau ɗaya a rana a wanke wurin a hankali da tsabtataccen ruwa da sabulu marar ƙarfi, ba soso ba cuɗa, a tsane shi da ƙyalle mai tsabta. Wajen tsarki a kula kada fitsari ko ruwa su jiƙa bandeji, idan kuwa ya jiƙe a sake wani. Wanda wanka ya kama shi a kwanakin da ruwa zai cutar da shi, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayanin taimama, sai ya tambaya. Kamfai mai tsabta wanda ke riƙe gaba ya kwanta sama wajen mara yana rage kumburi fiye da barin sa yana reto a cikin wando. Kafin a kwanta barci a rage shan ruwa kaɗan, a yi fitsari, a kwanta ta gefe a ɗan naɗe gwiwoyi. Maganin zafi, farasitamol ya wadatar ga yawancin mutane, asfirin kuwa a guje masa domin yana hana jini daskarewa. Ɗaukar kaya masu nauyi da hawan keke ko babur da wasan ƙwallo a jinkirta su aƙalla mako guda, ko fiye idan likita ya ce. Zaren ɗinkin irin wanda ke narkewa ne, cikin 'yan makonni zai zube da kansa, kada a sa farce ana cizgarsa. A koma asibiti cikin mako na farko a duba, ko da mutum yana jin garau.

Abin da ake barbaɗawa

A nan ne nake da ja da al'ada, amma sai na fara ba ta haƙƙinta. Wanzaman da suka zaɓi lokacin sanyi sun san abin da suke yi, domin gumi da ƙuda sun ragu. Karan da ake sawa tsakanin gwiwoyi hikima ce, ƙwai da kaza kuwa abinci ne mai gina jiki wanda miki ke bukata. Ko garin bagaruwa da ake barbaɗawa yana da dalilinsa. 'Ya'yan bagaruwa suna ɗauke da sinadarin tanin, wanda majema ke amfani da shi wajen jimar fata, kuma yakan tsuke nama ya tsayar da tsattsafin ruwa. Matsalar ita ce an tsince ta a ƙasa, an shanya ta a ƙasa, an daka ta a turmin da ake daka komai. Balle toka, da ƙasar gara, da kashin shanu, waɗanda har yau ake samun masu sa su a kan rauni a wurare daban-daban na Afirka. 'Yan birni kuma sun zo da nasu salon: a fasa kafson nan mai ja da rawaya a zazzage a kan miki, ko a shafa man goge baki, ko a tsiyaya Dettol tsantsa ba sirki. Waɗannan sukan ƙona sababbin ƙwayoyin halittar da ke ƙoƙarin rufe wurin, wato a kori maginin a ce ana taimakon gini.

Babban abin tsoro a cikin ƙasa da kashin dabbobi shi ne ƙwayar cutar sarƙewar haƙora, wadda likitoci ke kira tetanas. Wannan ƙwaya takan dunƙule a cikin wani irin ƙoƙo mai tauri, ta zauna shekaru a ƙasa, bushewa ba ta kashe ta. Ba ta son iskar oksijin, saboda haka mikin da aka cika da gari aka ɗaure tam shi ne gidan da take nema. Idan ta farka sai ta fitar da dafi mai bin jijiyoyi zuwa laka, ya hana tsokoki sakin jiki. Tsakanin kwana 3 zuwa 21 sai muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, baya ya banƙare, daga ƙarshe numfashi ya gagara. Abin takaici shi ne mikin yana iya zama kyakkyawa a ido yayin da dafin ke tafiya.

A shirin kaciyar gabashi da kudancin Afirka an kai wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoton mutum 13 da suka kamu da wannan cuta tsakanin 2012 da 2016, takwas daga cikinsu suka rasu. Idan aka kwatanta da miliyoyin da aka yi wa aikin, adadin kaɗan ne. Amma ya tona wani asiri da ya shafe mu kai tsaye. Mata suna samun allurar rigakafin sarƙewar haƙora a lokacin awon ciki. Maza kuwa, in an yi sa'a an yi musu guda uku na jarirantaka, shi ke nan, babu mai sake tuna su, alhali hukumar ta ce sai an cika shida kafin a gama shekarun ƙuruciya sannan kariyar ke ɗorewa. Ke nan magidanci yana iya rasa kariyar da matarsa take da ita, kuma shi ne ke yini a gona da fartanya. Allurar da aka yi yau ba ta ba da kariya gobe ga wanda bai taɓa samu ba. Ana bukatar biyu, mako huɗu tsakaninsu, a kuma ɗan jira kamar mako biyu bayan ta biyun. Duk wanda kaciyarsa ba ta gaggawa ba ce, ban ga dalilin da zai hana shi fara wannan kafin ya kwanta a gaban likita ba.

Darasi daga Afirka ta Kudu

Akwai wata al'umma da kaciyar samari ke tsakiyar al'adarta, wato ƙabilar Xhosa ta lardin Gabashin Kef a Afirka ta Kudu, ƙabilar su Nelson Mandela, wanda shi ma aka yi masa yana da shekara 16. A wurinsu kaciya ita ce ƙofar zama namiji. Akan kai samari daji su zauna makonni a bukkoki, kuma kusan kowace shekara sai an ji labarin mutuwar gommai daga cikinsu, wasu kuma su rasa gabansu ɗungurungum. Da likitoci suka duba, sai suka ga yawancin ɓarnar a wajen jinya take. Akan ɗaure mikin da ƙarfi fiye da kima har jini ya daina isa kan azzakari, nama ya mutu ya yi baƙi. Akan hana samarin shan ruwa da zaton haka zai sa miki ya bushe da wuri, sai ƙishirwa ta lalata musu ƙoda. Sannan wanda ya nemi a kai shi asibiti a ce masa rago. A 2021 gwamnatin ƙasar ta kafa doka da ta wajabta yi wa waɗannan makarantu rajista, ta hana shigar da wanda bai kai shekara 16 ba, ta kuma bukaci takardar likita kafin a shiga.

Al'adarsu dabam, tamu dabam, amma kurakuran guda uku ba su da ƙabila. Bandejin da ya matse har hashafa ta canza launi ko ta mutu da sanyi dole a sassauta shi nan take. Rage ruwa kafin barci bai zama ƙin shan ruwa da rana don tsoron zafin fitsari ba. Jarumtar da ke hana zuwa asibiti kuwa ita ce ta fi kisa a cikin ukun.

Maganar iyali

Umarnin da ya fi kowanne wuyar bi shi ne na ƙaurace wa jima'i, da duk abin da zai motsa gaba da gangan, har mako shida. Na san akwai masu cewa wannan ya yi yawa, wane ya koma ga iyalinsa bayan mako uku kuma bai ga komai ba. Gaskiya ne wasu sukan tsira, kamar yadda wasu kan haye kogi a cike su tsira. Amma fatar da ke da kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta tana iya yagewa, a koma ɗinki na biyu wanda ya fi na farko muni da daɗewa. Bayan haka mikin da bai rufe ba ƙofa ce a buɗe, cuta na iya shiga, tana kuma iya fita. A Rakai an yi wani gwaji na dabam a kan mazan da tuni suke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau, aka buga sakamakonsa a 2009. An tarar kaciyarsu ba ta kare matansu ba, kuma matan da mazansu suka komo musu kafin miki ya warke sun fi sauran kamuwa. Ashe gaggawar miji tana iya zama ajalin matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Don haka a ganina kuskure ne a ɓoye wa mace wannan al'amari, kuma kuskure ne saurayi ya bari sai an sa ranar aure saura mako biyu sannan ya tuna da kaciya. A ba da tazarar wata biyu ko uku. Haka kuma a sani cewa ragin kashi 60 cikin ɗari ba kashi ɗari ba ne, kaciya ba ta maye gurbin kame kai da gwajin jini da kwaroron roba ga wanda ke bukatarsa.

Game da abinci maganar gajera ce. Jiki ba ya saƙa kolajin sai da abinci mai gina jiki, irin su wake da ƙwai da kifi da nama da nono, da kuma bitamin C da ake samu a lemo da gwaiba da tumatir da zogale. Matuƙan jiragen ruwa na Turai a ƙarni na 18, da suka yi watanni ba ɗanyen ganye ba 'ya'yan itace, an ruwaito tsofaffin tabbansu na shekaru suna sake buɗewa, saboda jiki ya kasa sabunta zaren da ke riƙe su. Taba sigari tana tsuke hanyoyin jini ta rage oksijin da ke isa miki, wanda ba zai iya bari ba ko dakatawa ya yi. Mai ciwon sukari kuwa sai ya daidaita sukarinsa kafin aiki da bayansa, in ba haka ba mikinsa zai daɗe kuma ya fi saurin ruɓewa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Ɗan kumburi, da ɗan tabon jini a bandeji, da wani farin danƙo mai ɗan rawaya a bakin ɗinki, da jin kan azzakari yana zogi idan ya taɓa tufa, duk waɗannan na hanya ne, za su wuce. Amma jinin da ya jiƙa bandeji ya ƙi tsayawa bayan an danna shi da tsabtataccen ƙyalle na mintoci, ko kumburin da ke ƙaruwa kamar ana hura shi, ko kasa yin fitsari, ko mugunya mai wari, ko zazzaɓi, ko launin hashafa ya koma baƙi, ko ɗinki ya buɗe, ko muƙamuƙi ya fara nauyi, kowane ɗaya daga cikinsu yana nufin asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Ba kemis ba, ba aboki ba, ba a jira gari ya waye a gani ba. Ma'aikacin lafiya ya ga irin wannan sau da yawa, ba abin dariya ba ne a wurinsa.

Malaman makaranta suna da rawar da za su taka a nan. Ɗaliban da ke gabanku su ne ma'aikatan jinya da likitocin gobe, kuma tun yau su ne ake kira a gida a ce karanta mana wannan takardar asibiti. Darasin daskarewar jini da na fararen ƙwayoyin jini suna cikin manhaja tuni, abin da ya rage shi ne a haɗa su da misalin da kowane yaro ya sani a jikinsa, a yi maganar da harshen ilmi ba tare da sunkuyar da kai ba. Malamin da ya sa ɗalibansa su je su tambayi iyayensu allurar sarƙewar haƙora nawa aka yi musu ya yi aikin da ya fi jarrabawa amfani.

Asibitoci ma ba su kuɓuta daga zargi ba. Mutumin da aka gama yi wa aiki, allurar kashe zafi ba ta sake shi ba, kunya ta rufe shi, ba zai riƙe rabin abin da aka faɗa masa a tsaye ba. Kamata ya yi kowane asibitin da ke wannan aiki ya tanadi takarda guda, da Hausar boko da ta ajami, mai ɗauke da ranar cire bandeji, da ranar komowa, da ranar da mako shida ke cika, da alamomin haɗari, da lambar wayar da za a kira da dare. A tambayi majiyyaci tarihin allurarsa kafin a sa masa rana, in kuma yana da iyali a ba shi zaɓin ya zo da ita ta ji bayanin da kunnenta.